Kardan ɗin Motar Dutsin Kalgo da Sunan Kalla Ɗangana

Daga: Zaliha Ɗangana, malamar yaƙi da jahilci, ƙauyen Dutsin Kalgo, ta hanyar Tabotaki, gundumar Buza, jihar Tawa.

A madadin: ƙanenta Kalla Ɗangana, direba.

Zuwa ga: Mai girma Malam Shamsuddin Idrisa, Shugaban Haɗakar Ƙungiyoyin Ƙauyuka ta Taimakon Juna, ofishin Buza.

Ranar Litinin, 19 ga Agusta, 2024.

Game da: ƙwace makullin motar gari daga hannun Kalla Ɗangana, da ƙazafin asiri da aka ɗora masa bayan karyewar kardan ɗin gaba a koramar Kalgo.

Mai girma Shugaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan ofishinka, mai wannan takarda tana neman izinin gabatar da kuka a kan abin da ya samu ƙanenta. Da Hausa ta rubuta, ba don faransanci ya gagare ta ba, sai don in ka ga dama a karanta takardar a bainar jama'a, kowa ya ji da kunnensa ba tare da tafinta ba. Shi Kalla bai so a rubuta ba. Cewa ya yi wanda ya san gaskiya ya san ta. Yayarsa ba ta da irin wannan haƙuri, shi ya sa takardar ke gabanka.

1. Ofishinka ya san motar nan kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu, da Haɗaka ta miƙa wa Dutsin Kalgo a shekarar 2017. Ita kaɗai ce ke iya ƙetare koramar Kalgo da damina. Ita ke kai maras lafiya likita, ita ke kai mata kasuwa, ita ke ɗauko gawar wanda ya rasu a Madawa ko Tawa. Tun ranar da ta shigo gari Kalla ke tuƙa ta. Ba za a ɓoye maka ba, mutum ne mai kaushin baki, ba ya iya lallashi, kuma in ya kafe a kan abu har uwarsu, Allah ya jiƙanta, ba ta iya kawar da shi. Amma a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa kwana a daji saboda sakacinsa.

Domin abin da zai biyo baya ya fito fili, a yi wa mai rubutu haƙuri ta yi bayanin ƙarfe, ko da yake ba sana'arta ba ce. Zama da Kalla ya koya mata ko tana so ko ba ta so. A ƙarƙashin motar akwai dogayen sanduna biyu na ƙarfe da ake kira kardan. Ɗaya na juya ƙafafun baya, ɗaya na juya na gaba in an sa kat-kat. A kowane bakin kardan akwai mahaɗa mai hannu huɗu da makanikai ke kira kurwaziyo. Kowane hannu yana sanye da ɗan kofin ƙarfe, cikin kofin an jera siraran allurai cikin giris, daga waje kuma zobe ne ke riƙe kofin kada ya fita. Wannan mahaɗa ce ke barin kardan ya yi ta juyawa alhali mota na hawa dutse tana faɗawa rami. Abincinta giris, ajalinta ruwa da yashi. Saboda haka duk ranar da Kalla ya ƙetare korama, ba ya cin tuwo sai ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin mota da famfon giris, ya yi ta matsawa har tsohon mai ya fito baƙi ta kofunan huɗu, sabo ya biyo shi. Matarsa ta gaji da wankin rigunansa, ta daina magana.

2. Al'ada ce ta direbobin ƙasar nan, daga Keita har Sabon Gida, in damina ta wuce hanya ta bushe, a kwance kardan ɗin gaba a ajiye, don a rage shan man gazuwal, ƙarfen kuma ya huta. In hadari ya fara haɗuwa sai a mayar. Kalla ma haka yake yi kowace shekara, da sanin kwamitin mota na gari. Ranar Asabar 11 ga Nuwamba, 2023, ya kwance shi, bayan ya ɗiga farin fenti a bakunansa domin in an zo mayarwa kowane baki ya koma daidai inda ya fito. Ya cika shi da giris, ya naɗe shi cikin buhu, ya kai shi magazan, wato ɗakin ajiyar kwamiti. Makullin magazan yana hannun shugaban kwamitin, Malam Sha'ibu, kuma babu mai na biyu.

3. Mai girma Shugaba, kardan ɗin nan bai yi rani a magazan ba. A garkar albasar Malam Sha'ibu ya yi shi. Injin ban ruwansa da famfonsa ba su zauna a layi ɗaya ba, abin da ke haɗa su ya karye a cikin Disamba, sai ya tuna akwai ƙarfen gari kwance cikin buhu ba ya aikin komai. Ya kai wa Illa mai walda, aka liƙa masa faifan ƙarfe a baki, aka haɗa inji da famfo. Haka ƙarfen ya yi ta juyawa cikin laka da feshin ruwa tun daga dashe har cirar albasa, ba wanda ya taɓa ɗiga masa mai. Ba a ɓoye aka yi ba. Duk macen da ta je tsinkar ganyen albasa ta gan shi, mai rubutu ma ta gan shi, sai dai a lokacin ba ta san abin da take kallo ba. Kalla shi kaɗai ne bai gan shi ba, domin ba ya taka garkar Malam Sha'ibu, kuma ba wanda ya ga amfanin tsokano bakinsa.

4. Ranar Asabar 22 ga Yuni, 2024, bayan ruwan farko, Kalla ya nemi kardan. Aka kawo masa shi cikin buhunsa na da, an ɗaure da kyau. Da ya kwance ya ga farin fentin babu shi. Ya ga inda aka yanke faifai aka goge da dutsen washi. Ya ga jan gari kamar na bulo yana fita ta gefen kofuna, wanda shi ne alamar allurai sun ci kansu. Ya riƙe baki ɗaya ya girgiza, ya ji yana ƙwas-ƙwas a hannunsa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne zobban da ke riƙe kofuna sun ɓace, an maye gurbinsu da ɗigon walda. Zafin walda yana ƙone giris da robar da ke tsare shi, kuma kofin da aka liƙe haka ba ya sake fita ta hanyar arziki.

Duk da haka ya ɗaura shi, domin a gwada a gani. Daga bakin masallaci zuwa rijiya motar ta yi ta karkarwa har madubi ya sunkuya. Ya dawo ya sami Malam Sha'ibu ya ce a aika Madawa a sayo kurwaziyo biyu sababbi masu bakin giris, a kai kardan garaji a fitar da tsofaffin da matsi, ba da guduma ba, a sa zobba, in kuma bakin kardan ya buɗe to a nemo wani gaba ɗaya. Aikin yini ɗaya ne. Malam Sha'ibu ya ƙi. Mai rubutu ba ta shiga zuciyar kowa ba, amma ko yaro ya san cewa in aka kai maganar saye gaban kwamiti, dole wani ya tambayi yadda ƙarfen da aka ajiye lafiya ya tsufa cikin buhu.

5. Kalla ya ci gaba da aiki a hanyoyin tudu da ƙafafun baya kaɗai. Ranar Talata 9 ga Yuli, korama ta kawo, aka ce ya ɗauki mutane ya ƙetare. Ya ƙi. Abin da ya faɗa a gaban shaidu shi ne: “Ni ba ni ɗaukar ɗiyan mutane bisa ƙarhen ga. Ku sawo, in tahi.” Da yake zuwa lokacin labarin garka ya iske shi, ya ƙara da wasu kalmomi a kan albasa waɗanda ba su dace da takarda zuwa ofis ba, kuma yayarsa ta faɗa masa bai kyauta ba. A ranar Malam Sha'ibu ya karɓe makulli, ba tare da zaman kwamiti ba, ba tare da sanar da ofishinka ba, ya miƙa wa Auwalu, ɗan wansa, wanda tarakta ya saba tuƙawa.

Wani da aka yi wa haka sai ya naɗe hannu ya zuba ido. Kalla ya kasa. Da safiyar Alhamis 18 ga Yuli ya ji za a kai mata kasuwa ta korama. Ya ɗauki famfon giris ɗinsa ya tafi inda motar take, rana ta fito, mutane na kallo, ya kwanta ƙarƙashinta ya gwada ko mai zai shiga. Bai shiga ba. Ya fito ya kira Auwalu gefe ya gaya masa ya bi ta tudu ko da zai kai azahar, in kuma ya ƙi ji, to ko mene ne kada ya ja ƙaramin liba na kat-kat. Don kada ya manta cikin ruɗu, ya yagi tsumman da yake goge hannu ya ɗaure a kan libar. Tsumman guntun tsohon zanen matarsa ne. Allah ya sa ja ne.

6. Auwalu bai bi ta tudu ba. A tsakiyar korama ƙafafun baya suka nutse cikin yashi, ya kulle ƙafafun gaba, ya ja libar da tsumman ke kai, ya taka wuta. Kurwaziyo ya tarwatse. Kardan ya kuɓuce ta baki ɗaya ya yi ta dukan cikin motar har ya fasa tukunyar man inji. Mata goma sha wani abu suka fito cikin ruwa har ƙugu, kayansu ya bi korama. Inna Balki, tsohuwar da ba ta taɓa cutar da ko kaza ba, ta karye a hannu wajen fitowa. Da aka kawo labari gari, Kalla ne ya fara isa da igiya, shi ya goyo Inna Balki har tudu, shi ya tara shanu aka jawo motar kafin ruwa ya ƙaru. Har yau motar tana nan gindin gawo a mace, kuma tun daga ranar duk wanda ciwo ya kama a Dutsin Kalgo a amalanke ake fita da shi.

7. A nan ne, Mai girma Shugaba, ainihin kukan yake. Ranar Juma'a 26 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci, Malam Sha'ibu ya ɗaga jan tsumman nan sama a gaban jama'a. Bai ambaci albasa ba, bai ambaci walda ba. Ya ce an ga Kalla ƙarƙashin mota da safe yana shafa baƙin abu, an kuma tarar da wannan a ɗaure. Sannan ya ce: “Ku duka kun san jikan wa na. Kun san abin da gidansu ka yi da jan ƙyalle.”

To, gidan ba ya ɓuya, kuma mai rubutu ba za ta ɓoye shi ba. Kakansu, ita da Kalla, shi ne mai yankan jan zakara a gindin dutse kafin shuka, a zamanin da garin nan duka ke tsaye bayansa yana jiran ruwa, har da kakan Malam Sha'ibu, wanda ba a taɓa jin ya ƙi cin naman ba. Kakannin Kalla ne suka sari dajin da garin ke zaune a kai. Ubansu Ɗangana ya musulunta tun yana saurayi, ya yi salla har goshinsa ya yi baƙi, da hannunsa ya ɗebo duwatsun harsashin masallacin da aka tsaya a ƙofarsa aka zagi ɗansa. Kalla ya sauke Alƙur'ani a makarantar da Malam Sha'ibu ya yi karatu, a gaban malami ɗaya. Shekara da shekaru ba wanda ya tuna da zakara. Sai ranar da aka rasa inda za a ajiye laifin ƙarfe aka tono shi.

Auwalu yana tsaye a wurin, ya san dalilin tsumman, ya sunkuyar da kai. Illa mai walda yana wurin, ya san aikin hannunsa, ya kama gyaran hula. Mai rubutu ba ta kawo ƙararsu ba. Ɗaya ɗan gidan Malam Sha'ibu ne, ɗaya kuma a rumfarsa yake sana'a. Amma shirunsu ya yi nauyi, kuma tana jin zafinsa har yau.

8. Ranar Juma'a 9 ga Agusta dattawa suka aiko da abin da suka kira sulhu: Kalla ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse bai ɗaure mota da asiri ba, sai a mayar masa da makulli a rufe magana. Mutane da yawa sun ce ya karɓa, har da matarsa, wadda ke kuka tana cewa gero ya kusa ƙarewa a rumbu. Ya ƙi, kuma yayarsa tana bayansa a kan wannan ƙin har gobe. Ba tsoron rantsuwa yake ba, domin mai gaskiya ne. Amma ba a ce Malam Sha'ibu ya rantse a kan inda kardan ya yi rani ba. Ba a ce Illa ya rantse ba, ba a ce Auwalu ya rantse ba. Mutum ɗaya aka zaɓa, kuma ba don abin da ya yi ba, don wanda ya haifi ubansa. In ya dafa yau, to ya yarda ke nan cewa gidansu gidan tuhuma ne. Gobe in rijiya ta ƙafe a kira ɗansa ya dafa, jibi in akuya ta yi ɓari a kira jikansa. Amsar da ya ba manzon dattawa gajeriya ce: “Ku kira makanike, ba liman ba. Ƙarhe na ya karye.”

9. Ga abin da ƙin ya jawo masa. Masu gayyar noma sun tsallake gonarsa. Maƙwabtan da suka saba aiko da ƙwarya sun daina, wadda matarsa ta aika kuma ta dawo ba a taɓa ba. Mai shayin bakin kasuwa ya ware masa kofi. Inna Balki kaɗai ce ta aiko a gaishe shi, ita da ke da hannu a ɗaure. Kalla ba ya magana a kan wannan. Yana tashi da asuba ya tafi gona shi kaɗai, da yamma ya zauna ya wanke famfon giris ɗin da ba shi da abin da zai matsa wa. Ya rame. Yayarsa ce ta goya shi yana jariri, ta san ramar yunwa, ta san wadda ba ta yunwa ba.

Saboda haka, cikin ladabi da sanin girman kujerarka, mai rubutu tana roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, ofishinka ya turo makanike daga Madawa ko Keita, wanda ba shi da dangi ko gona a Dutsin Kalgo, ya duba kardan ɗin da gutsattsarin kurwaziyo. Suna nan a hannun mai gari, Kalla bai taɓa su ba tun ranar da aka tsamo su. Makaniken ya faɗa da bakinsa, a ƙofar masallaci, ko ɗigon walda ne a kan kofunan ko ba shi ba ne, ko kuma ƙarfen da ya yi wata bakwai cikin buhu yana yin irin wannan ci.

Na biyu, a tambayi Malam Sha'ibu, a gaban kwamiti, abin da ya juya famfon garkarsa daga Disamba zuwa cirar albasa. Tambaya ɗaya ce, ba ta bukatar alwala.

Na uku, a gyara motar, a sa kurwaziyo sababbi da zobbansu, a kuma kafa doka cewa duk ƙarfen da aka kwance daga jikinta a ajiye shi a inda makulli biyu ke buɗewa. Wannan ba don Kalla ba ne. Damina ba ta ƙare ba, akwai masu ciki a garin, kuma korama ba ta san ana rigima ba.

Na huɗu, maganar da aka faɗa a ƙofar masallaci a janye ta a ƙofar masallaci, da bakin da ya faɗe ta, da muryar da ya faɗe ta. Kalla ya ce a shaida maka cewa in an yi haka, ko ba a mayar masa da makulli ba ya yafe. In kuma ba a yi ba, ko an kawo masa makullin har gida a kan faifai ba zai karɓa ba.

Mai girma Shugaba, mai rubutu ta san ofishinka yana da ƙauyuka da yawa a kansa, kuma ƙarfen mota ƙaramin abu ne a cikin abin da ke zuwa teburinka. Tana roƙon kada takardar nan ta jira bayan girbi. Ranar Juma'ar da ta wuce, 16 ga Agusta, ta leƙa daga sahun mata ta hango ƙanenta a sahun gaba, inda ya saba tsayawa. Liman ya ce a daidaita sahu a toshe kafa. Aka daidaita, aka toshe ko'ina, sai dama da hagun Kalla, inda aka bar wurin mutum guda guda. Bai matsa ba, bai waiwaya ba, ya yi sallarsa har sallama. Da ya dawo gida ta ce masa ko ya riƙa zuwa Tabotaki Juma'a har ƙura ta lafa. Ya ce a'a. Juma'a mai zuwa ma a nan zai tsaya, da wadda ke bayanta, ko masallacin zai watse ya bar shi shi kaɗai. Mai rubutu tana roƙon a zo a cike wuraren nan biyu tun ƙanenta yana da ƙafar tsayawa a tsakaninsu.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama da kujerarka lafiya. Ka huta cikin girma.

Mai biyayya gare ka, wadda ba za ta janye ko kalma ɗaya ba,

Zaliha Ɗangana
Dutsin Kalgo

An karanta wa Kalla Ɗangana takardar nan daga farko har ƙarshe, ya ce haka ne, ya sa hannu.

Kalla Ɗangana, direba